Injin Leza da Idon Yaya Habu

Bana azumi ya same mu a tsakiyar bazara, kuma wanda ya taɓa kwana a Garwa a irin wannan lokaci ba ya bukatar bayani. Malamin da ya koya mana labarin ƙasa a firamare ya ce garinmu yana da yanayi mai ɗumi. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya, ba ya son faɗin laifin kowa. Gaskiyar ita ce tun hantsi bango yake fara mayar maka da abin da rana ta ba shi, ruwan randa ya koma kamar wanda aka sirka don wankan jariri, kogin Binuwai kuma ya janye ya bar farin yashi, sai ɗan zaren ruwa a tsakiya wanda akuya ma ba ta girmama shi.

Cikin wannan hali aka saka ni a kwamitin sayen injin leza. Jami'ar da nake ƙarasa shekarun aikina a cikinta ta samu tallafi don binciken yankan ƙarfe, aka ce a sayo injin da ke yanka farantin ƙarfe da haske, ba zarto ba wuta. Ni na fi kowa tsufa a sashen, na kuma fi kowa ƙarancin digiri, domin daga lise na fito, wato makarantar sakandare, inda na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara riƙon zarto da walda. Shi ya sa suke kirana Doyen, wato dattijon sashe da Faransanci. A aikace, Doyen shi ne mutumin da ake ba kujera kusa da fanka, a saurare shi da ladabi, sannan a yi abin da aka riga aka shirya.

Injuna biyu aka kawo mana hotunansu, kuma tallafin ɗaya kawai zai ɗauka. Na farko ƙarami ne, a rufe yake ruf kamar akwati, da 'yar taga ta gilashi na musamman. In ka buɗe murfin, hasken ya mutu da kansa. Na biyu ƙato ne, ya ninka wancan ƙarfi, shimfiɗarsa a buɗe kamar gadon asibiti, ba murfi ba bango.

"Doyen, duba da kyau," in ji Dokta Usumanu, shugaban sashenmu, yaro mai ƙoƙari da ya dawo daga karatu a waje da gemu da haƙuri. "Ƙaramin nan da ƙyar zai wuce kwanon rufi. Mu kuwa bakin garma muke so mu bincika, da kayan injin gurzar auduga. Me zan rubuta da injin da sai dai ya yanka mini lambar ƙofar gida?"

Na ce, "Ka rubuta cewa ɗalibanka sun gama da idonsu biyu-biyu."

Aka yi dariya, irin wadda mai azumi ke yi, ba a buɗe baki sosai.

"Za a sayi tabarau, Doyen. Za a sa labule. Za mu manna gargaɗi a ƙofa, da Faransanci da Turanci."

"A ƙara da Fulatanci, ko hasken zai fi ji."

Ba don neman magana na faɗa ba. Wakilin masu sayarwa, wanda muke gani a allo daga Duwala yana shan ruwan sanyi a gabanmu ba tare da ya san zunubin da yake ɗauka ba, shi da bakinsa ya yi mana bayani. Hasken da ke yankan ba a ganinsa. Jan ɗigon da ke yawo a kan ƙarfe manuni ne kawai. In hasken gaske ya daki wani abu mai sheƙi ya karkato, ido ba zai ƙifta ba, domin bai san an zo ba. Tabarau kuma na san su. A watan nan, kafin ka gama ɗaure su gumi ya cika su, kuma ban taɓa koyar da ajin da tabarau ba su ƙare a goshi ba.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta, don ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, lantarki ya zama na rabo. Mutumin Duwala ya ɓace da kwalbarsa, fanka ta yi juyi biyu na bankwana ta tsaya, aka ɗage yanke shawara zuwa mako mai zuwa. Na fito cikin rana tsaka. Azumi a hankali yake zagaya shekara, sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya dawo ya same ka a inda ya bar ka. Ina tsaye ina neman inuwar da zan bi zuwa babur, na gane ya dawo.

Wancan karon ina saurayi, sabon malami, ko Metir kamar yadda ake kiranmu da Faransanci. An tura ni aiki amma albashi bai fara zuwa ba, takarduna suna Yawunde, babban birni, suna ziyartar tebura. Saboda haka ina sa riga mai guga in tafi aji da safe, in dawo in ci daga gudumar yayana, Habu, wanda ya gaji maƙerar mahaifinmu. A gidan akwai Inna, da shi, da matarsa Hajara mai goyo, da yara, da ni. Duk bakin nan, hannu ɗaya ke ciyar da su.

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar da ta gabata. Dawa ta yi ciki ta tsaya a haka. Masakuwa, dawar da ake dogara da ita a rani, ita ma ƙasa ba ta riƙe mata laima ba. Kafin a ga watan azumi, kunun gidanmu ya riga ya fara ramewa. Zuwa tsakiyar wata kana iya duba fuskarka a ciki. Hajara takan miƙo mini nawa ta ce, "Ga shi, Metir. Gwamnati ta aiko a ci gaba da kiwata mata kai?" Ni kuma in ce ta rubuta a aika, za a duba. Miya kuwa yakuwa ce, jiya yakuwa, gobe yakuwa, har yara suka daina tambaya. Ruwa sai an je gindin kogi an tona yashi, a jira ya tsattsafo, a kwasa da ƙoƙo. Mangwaro ne kaɗai ya yi mana mutunci a shekarar, shi ma ɗanye ake tsinke shi, ba mai haƙurin jiran ya nuna.

Amma wannan ne lokacin aikin maƙeri. Kafin ruwan farko kowane manomi yana son bakin garmar shanunsa sabo, kuma wanda bai samu a wurinka ba zai samu a wurin wani, ba zai dawo baɗi ba. Abin da Yaya Habu ya ƙera a makonnin nan shi za mu ci har kaka. Tsarin ranarsa ba ya sauyawa. Daga sahur sai masallaci, daga masallaci sai ya hura wuta, a yi aikin zafi tun gari bai gama wayewa ba. Da hantsi a koma sara da daidaitawa. Bayan azahar ya ɗan kishingiɗa a kan buhu, sannan a tashi a yi ta wasa bakin garemani har inuwa ta yi tsawo. Hutun makaranta ya faɗo a ciki, don haka ni ke jan zugazugi, in riƙe masa awartaki. Ƙarfen da muke sara sifirin manyan motoci ne, da guntayen faranti masu kauri da suka rage daga aikin madatsar Lagdo. A motocin kifi ake kawo su, saboda haka ƙarfen warin banda yake yi. In ya ji wuta sai maƙera ta cika da ƙamshin miyar da ba mu da ita. Ban san wata jarrabawa da aka taɓa shirya wa mai azumi da ta kai wannan rashin imani ba.

Akwai wata al'ada ta gidanmu da sai na faɗe ta, in ba haka ba abin da ya biyo baya zai zama kamar wauta ce kawai. Mu Hausawa ne maƙera a unguwar da yawancinta Fulani ne, kuma tun muna yara muke jin zolayar cewa maƙeri ba ya kai azumi, wai in wuta ta gasa shi sai ya sunkuya kamar zai tsoma ƙarfe, ya kurɓa daga kwamin ruwa. Da wasa ake faɗa, amma irin wasan da ake tunawa da shi ranar neman aure. Mahaifinmu bai taɓa mayar da martani da baki ba. Abin da ya yi shi ne, duk daren da aka ga wata, sai ya kwance zanan da ya kare gaban maƙera, ya naɗe, ya jingine. Wata guda cur ana aiki a fili, mai wucewa yana ganin maƙeri, yana ganin kwami, yana ganin tazarar da ke tsakaninsu. Sai ranar sallah ake mayar da zana. Ya rasu a kan haka, Yaya Habu ya ɗora. Ma'anarsa kuwa ita ce a watan da aka fi bukatar inuwa, mu muke cire tamu da hannunmu.

Gawayi ya yi wuya a shekarar, don haka abin da ya kamata a gasa kafin a sara, sai Yaya ya riƙa saransa da sanyi. Wata rana da hantsi, azumi bai kai rabi ba, ina riƙe da sifirin, ya ɗora kurfin sara ya sauke guduma. Ban ga komai ya tashi ba. Na dai ji ya ce, "Kai!" kamar wanda ƙuda ya dama. Ya murza idon hagu da bayan hannu, ya tofar, ya ce in gyara riƙo.

Da magariba Inna ta buɗe idon a gaban fitila, ta sa harshe ta lasa ko za ta ji tsinin abin, kamar yadda ta saba yi wa mahaifinmu. Ba ta samu ba. Hajara ta ɗiga masa nono. Kwana biyu ana haka, idon ya yi ja kamar gauta, da safe sai an jiƙa tsumma an ɓamɓare kwantsa kafin ya buɗu. Da ƙyar na shawo kansa ya hau bayan kekena muka tafi disfansar, ƙaramin asibitin unguwa.

Mai jinyar wurin, Madam Odil, Kirista ce daga duwatsun arewa, doguwa, ba ta da lokacin wasa, Hausarta ta kasuwa ce amma ba ta taɓa kasa isar da saƙo ba. Ta kwantar da shi, ta sa wani tsinke ta ɗauko ɗan ƙarfen. Bai kai ƙwayar gero ba. Ta nuna masa a kan auduga.

"Maƙeri, ka ji ni da kyau. Ƙarfe ya fita, amma ya bar ciwo a baƙin ido, ciwo ya fara ruwa. Magani nan ka sa, ka sa, ka sa, daga safe har dare. Kada ka bari ya huta. In ka bari, ido ya tafi."

Ta ɗiga masa na farko. Yana tashi zaune na ga fuskarsa ta sauya. Ya motsa maƙogwaro, ya dube ni, ya fita waje da sauri ya yi ta kaki yana tofarwa a gindin darbejiya.

"Ɗaci," ya ce. "Ga shi nan a wuyana. Metir, matar nan ta karya mini azumi."

Madam Odil ta biyo mu bakin ƙofa. "Mu ma muna cikin namu azumi yanzu, na san abin. Amma Allah da ya ba ka ido bai ce ka mayar masa da shi kafin lokaci ba. Je ka tambayi malamin ku."

Muka je. Modibbon unguwarmu tsoho ne mai sanyin murya, ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce gaskiya ne, abin da aka sa a ido in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, a wurin malamanmu azumi ya tafi. Amma ya ce ai ba a nan maganar take ba. "Habu, kai marar lafiya ne. Ka sha, ka yi magani, bayan sallah ka rama. Wannan sauƙi ne da Allah ya yi maka, ba ni na yi maka ba."

"Allah gafarta malam, marar lafiya a kwance yake. Ni ina ɗaga guduma."

"To ka kwanta."

"In na kwanta wa zai tashi?"

Modibbo ya dube ni, da rigata mai guga, ya kawar da kai don kada ya kunyata ni. Ya sake cewa, "Ka yi aikinka, ka sa maganinka. Wanda ya tambaya, ka turo shi wurina."

Yaya ya yi godiya, ya yi sallama. A hanya ya ce mini, "Wa zai tambaya? Ba mai tambaya. Gani kawai za su yi. Ɗan maƙeri a fili, ya ɗaga kai sama, ya zuba abu, yana haɗiya."

A nan ne na kawo tawa gudummawar, ta masu ilimi. Na ɗauki gawayi na zana masa ido a bangon maƙera, da 'yar hanyar da ke sauka daga kusurwarsa zuwa hanci, daga hanci zuwa wuya. Nufina in nuna masa ƙanƙantarta, cewa abin da ke bi ta nan bai kai a kira shi sha ba. Ya tsaya ya duba zanen da idonsa mai lafiya, ya daɗe.

"Wato da ma hanya ce," ya ce. "Na ɗauka tsautsayi ne ya kai shi. Madalla da boko."

Daga ranar ya tsara abinsa. Duk ɗigon da aka ce a rarraba cikin yini, ya tattara su tsakanin magariba da sahur. A lissafinsa ba a cuci kowa ba, kwalba tana raguwa yadda ya kamata. Da rana kuwa sai ya ɗaure idon da tsumma, ya tsaya gaban wuta. Gumi ya jiƙa tsumman, hayaƙi ya shiga, rana ta busar, gumi ya sake jiƙawa.

Kwanakin nan su ne mafi zafi da na sani. Iska in ta taso kamar daga bakin tanda take. Kaji suna tafe baki buɗe, fukafukai a sake. Da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, baƙi ƙirin, mutane su fito suna dubawa, ya yi ruguginsa, ya watse, ya bar mu da zafin da ya fi na da. Manoma suna zaune a bakin maƙera da tsofaffin garemani, wasu sun sauko daga nesa, sun ƙi tafiya sai da nasu a hannu. Yaya yana sara. Da kowace guduma sai wani ɗan nishi ya fita daga hancinsa, wanda da ba ya yi. In na kwance tsumman da magariba, farin tabon da ke kan baƙin idon, wanda ya fara kamar ƙwayar shinkafa, kullum sai na ga ya ci gaba kaɗan. Ba ya iya kallon fitila. Kunun ma a duhu yake sha.

Inna ta yi magana, ya ce to. Na yi magana da Faransanci ma, don in ji nauyin kaina, ya ce in adana shi don aji. Hajara ce kaɗai ta yi wani abu. Wata rana bayan azahar, ya kishingiɗa a kan buhu barci ya ɗauke shi, ta lallaɓo da kwalbar a ƙullin zaninta, ta ɗaga tsumman, ta ɗiga. Ina kallo, ban hana ba, ban taya ba. Ya farka yana motsa maƙogwaro. Bai daka mata tsawa ba. Ya dube ta kawai.

Ta ce, "Ni na karya, ba kai ba. A rubuta a kaina."

Ya ce, "Ba a rubuta wa wani abin da ya wuce ta wuyan wani."

"To ka sake ni in ka ga dama, amma da ido biyu za ka rubuta takardar."

Ya kame bakinsa daga ci da sha har faɗuwar rana, ya ƙidaya ranar cikin waɗanda zai rama, tare da ta disfansar. Abin da ya biyo baya shi ne ya daina kishingiɗar azahar ɗungurungum. Ɗan hutun da yake samu ma ya tafi. Hajara ta daina zolayata daga ranar. Kunu kawai take ajiyewa ta wuce.

Cikin goman ƙarshe, wata safiya bayan ya hura wuta, ya tsaya cak ya dafa kunci. Ya ce wani ruwa mai ɗumi ya gangaro masa, kuma ciwon ya kwanta. Ya faɗa da mamaki, har da murmushi, na farko cikin makonni. Inna ta ɗaga hannu tana godiya, ta ce mugun ruwan ne ya fita. Ranar ya yi aiki kamar an sake shi daga mari, har da 'yar waƙa. Ni kuma na hau keke cikin rana na tafi in yi wa Madam Odil albishir, ina jin kaina kamar wanda ya kawo sakamakon jarrabawa.

Ta saurare ni. Ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ruwa mai ɗumi? Ciwo ya tsaya gaba ɗaya?"

Na ce ƙwarai.

"Metir," ta ce, "ido ya fashe."

Ta ce a kai shi babban asibitin ido na mishan, can cikin duwatsu, ko za a ceci ƙwayar kada ta ruɓe ta taɓa ɗayan. Gani kam, ta ce, kada in sa rai. Na dawo ina tura keken da hannu. Na tarar da shi yana wasa bakin garma, ya juya dukan kansa don ya gan ni, abin da zai riƙa yi ke nan har yau. Na faɗa masa. Ya gwada kaifin da babban yatsa, ya ce, "Saura kwana nawa a ga wata?"

Sai bayan sallah muka tafi. Suka yi abin da za su iya, wato suka tsare na daman. Ya cika azuminsa, ya rama kwana biyun nan tun kafin a gama cin tuwon sallah, ya mayar da zana da hannunsa. Ruwan farko ya sauka muna hanyar dawowa, a bayan motar auduga, ƙasa ta tashi da ƙamshin nan da ke sa mutum ya yafe wa shekara komai. Duk gonar da muka wuce ana kafta da shanu, kuma wasu daga cikin garemanin nasa ne. Damina ta yi kyau. Mun ci. A unguwa kuma an yi ta yaba masa, har waɗanda suka fi kowa zolaya suna cewa ba su taɓa ganin mai riƙon addini irin Habu maƙeri ba. Abin da mahaifinmu ya nema da naɗe zana, an ba mu shi cikakke.

Shekaru da yawa bayan haka, da na je a gwada ni don tabaran karatu, likitan ya ɗiga mini magani, ya ce in danna kusurwar idon ta wajen hanci da yatsa na ɗan lokaci. Na tambayi dalili. Ya ce don ya toshe 'yar hanyar nan, kada maganin ya sauka wuya in ji ɗaci. Ya faɗa yana rubutu, bai ko ɗago ba. Yatsa ɗaya. Ban taɓa gaya wa Yaya ba, kuma ba na jin zan gaya masa.

Da kwamiti ya sake zama ban ba su wannan labari ba. A jami'a labarin yayanka ba hujja ba ne, sai in wani ya buga shi a mujalla. Na yi maganar sheƙin alminiyom, da gumi, da ɗalibin da zai leƙo ƙofa don ya ari biro. Dokta Usumanu ya amsa kowace da hankali, kuma ba zan ce ƙarya ya yi ba: irin wannan tallafi ba ya zuwa sau biyu, ƙaramin injin ba zai yi aikin da ƙasar nan ke bukata ba, kuma a wasu wurare ana aiki da buɗaɗɗen lafiya lau. Aka ce a ɗaga hannu. Na ƙaramin, nawa ne kaɗai ya tashi. Don a faranta mini, aka amince za a gina wa injin ɗaki nasa na bulo, da ƙofa mai kashe shi in an buɗe, a kasafin baɗi. Kasafin baɗi wuri ne da na ga an tura abubuwa da yawa, ban taɓa ganin wanda ya dawo daga can ba. Injin zai iso bayan damina. Ni kuma ina ajiye aiki kafin a gina ko da tubali ɗaya.

Ranar na wuce gidan Yaya Habu shan ruwa. Ya tsufa, ya bar guduma. 'Ya'yansa walda suke yi da janareto a bakin titi, shagon ba shi da zanan da za a naɗe. Na same shi a tabarma a tsakar gida, Hajara ta jera kofuna da kwanon kunu, mai kauri yanzu, har cokali yana tsayawa. Na zauna ta damansa. Na kwashe duk yadda aka yi na faɗa masa, ina neman wanda zai taya ni jin haushi, kuma a ganina duk Garwa ba wanda ya fi shi cancanta.

Ya saurara, kai a karkace. Sannan ya ce, "Shi babban, zai yanka sifirin tirela?"

"Kamar wuƙa a sabulu."

"Da sanyi?"

"Da sanyi."

"Ba gawayi, ba mai riƙe awartaki?"

"Ba ko ɗaya. Bakin garma kuwa, kafin ka gama alwala ya fitar da na unguwa guda."

Ya murza gwiwa. "Kai kuma ka tashi a gaban mutane ka ce a sayi ƙaramin."

"Saboda idon yara, Yaya."

"Metir ke nan," ya ce. "Ni a shekarar nan, da wani ya zo mini da injin nan ya ce in biya da ido ɗaya, tambayarsa kawai zan yi, na dama yake so ko na hagu."

Hajara ta ce, "Ka ji shi ko? Ka ji abin da nake zaune da shi."

Ladan ya kira salla. Yaya ya yi bismilla ya miƙa hannu ga kofin ruwa, yatsunsa suka rufe a kan iska, ɗan kaɗan kafin kofin. Ya sake miƙawa, ya kama. Muka sha.